Tururuwa Cikin Nonon Ɗiyata

Tururuwar ta zagaya cikin ludayin, ta kama gehe, ta zame, ta koma ciki. Mu uku muna tsugune a kanta: ni, da ungozoma, da uwar mijin ɗiyata wadda kowa ke ce ma Hajiya. Ɗiyata na zaune bakin gado, ta ja zane ta ruhe ƙirji, idonta na ƙasa. Nononta ne cikin ludayin. Yanzu-yanzu ungozoma ta tatso shi, rawaya ne, mai kauri kamar kunun da ya kwana.

"Ku ba ta lokaci mana," na ce.

"Ba a ba ta lokaci," in ji ungozoma. "In nono na da kyau, da ƙafarta take hita."

Haka ake gwada nonon mai jego a wajenmu. A tatsa, a jefa tururuwa. In ta hito, a ba jariri. In ta mutu a ciki, nono ya ɓaci, sai an gyara shi da sassaƙe kafin ya shiga bakin yaro.

Ta ƙara motsi ɗaya, ta miƙe ƙafafu. Ungozoma ta sa tsinke ta ɗago ta, ta nuna ma Hajiya, ta nuna mani, kamar ni makauniya ce.

"Wannan kauri ko ni aka jefa ciki ba ni hita," na ce.

Ba wadda ta yi dariya.

"Dama na sani," in ji Hajiya. "Nonon kwanika ne, ciki kan goyo. Ina zai yi kyau?"

Duk wannan abu jikana na goye a bayana. Ban ko sauke shi ba tun da na shigo gidan, don ina sauka daga amalanke na tarar da su kan ludayi. Kanshi na kwance tsakanin kafaɗuna, zahinshi na ratsa rigata. Zanen da na goye shi da shi kuwa a bushe yake tun jiya da sahe, ko ɗigon hitsari babu. Duk macen da ta taɓa goyo ta san abin da busasshen baya ke nuhi.

Bari in faɗi yadda aka yi ya zo hannuna.

Ɗiyar nan ita ce autata. An kai ta wani ƙauye can wajen Baudeta, mu kuma muna kusa da Korgom. Haihuwar fari gida ta zo ta yi, cikin ɗakina, ta samu namiji, ƙato, mai ci. Ni na yi mata wanka har ta yi arba'in, na maida ta. Yaro bai gama koyon tahiya ba ciki ya shiga. Ita kuwa ta ɓoye. Kunya ta hana ta faɗi, don ta san abin da mata za su yi da ita bakin rijiya. Ta riƙa ɗaura zane sama, tana ba shi nono abinta, har ciki ya tsufa ya ƙi ɓoyuwa. Ranar da Hajiya ta gane, a ranar ta aiko a kira ni. Ta ce yaro ya daɗe yana shan ciki, wato nonon mai ciki, a cire shi yau, ba gobe ba.

Aka yi yadda ake yi. Malam ya yi rubutun yaye aka wanke cikin hura. Hajiya ta jiƙa maɗaci ta shafa ma uwar a kan nono, duka biyun. Aka sakar mata yaro. Ya zo da gudunshi yana dariya, ya kama, ya saki, ya ƙwala ihu, ya koma ɗayan, ya tarar da ɗaci nan ma. Ya dubi huskar uwarshi. Ni na ɗauke shi na goya, muka kama hanya. Haka aka yi ma nawa, haka aka yi mani, ba wanda ya ga wani abu a ciki.

Da farko ya ɗan sha hura a wajena. Ina tsokanarshi, ina ce mashi angona, ka zo gidan amarya ba ko goro. Sai damina ta kankama, hatsi ya ja baya cikin rumbu, zawo ya kama shi, zazzaɓi ya biyo baya. Na kai shi likita a Korgom. Madam ɗin da ke duba yara ta auna hannunshi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya ce a yaye shi?"

"Uwarshi ciki gare ta."

"To sai me?"

Na ce mata ita yarinya ce. Ta ba ni garin nan da ake damawa da ruwa don zawo, da ledojin gyaɗar nan na 'yan tamowa. Ta ce in ya ƙi ci, kar in tsaya, in wuce da shi babbar likita ta Tasawa. Ya lasa na kwana biyu, daga nan ya datse baki. Hura, kunu, ruwa, komi na kai sai ya kau da kai. In na matse hanci na ɗura, ya dawo da shi. Idanu suka faɗa, maɗiga ta faɗa, fatar cinya ta zama kamar tsohuwar jaka. In ya yi kuka ba hawaye. Tasawa kuwa ba hanya, an kwana ana ruwa, ƙorama ta cika ta yanke, motoci na tsaye gaɓa da gaɓa.

Ana cikin haka aka kira salular maƙwabcinmu aka ce ɗiyata ta sauka, mace, ta ɗan riga lokacinta amma lahiya. Ba a maida yaron da aka yaye wajen uwa sai ya manta. Ban yi shawara da kowa ba. Na ji mai amalanke za shi kasuwa ta wajensu, na ɗauki yaro na hau. Abin da ke raina, in tahiya zai yi, ya tahi uwarshi na ganinshi.

To, ga mu cikin ɗaki, ga tururuwa ta mutu.

Ungozoma ta shiga jera abin da za a yi. A tatse nonon nan duka a binne bayan ɗaki. A dafa sassaƙe ta sha, ta wanke ƙirji da shi. Jaririya a ci gaba da ɗiga mata madarar akuya, kamar yadda ake yi tun da ta faɗo, har a sake gwaji.

"Sauke angon naki mana," in ji Hajiya. "Kin tsaya da shi kamar mai talla."

Ita ba ta ga huskarshi ba tukuna. Na kwance zane, na juyo da shi, na shimfiɗa shi kan tabarma. Kanshi ya langaɓe gehe.

Hajiya ta yi salati. Ta durƙusa ta taɓa ƙafarshi, ta taɓa cikinshi. Ba zan yi mata ƙarya ba, matar nan na son yaron nan. Ita ke tauna mashi ƙuli-ƙuli tun bai da haƙori. Ta ɗago ta juya kan ɗiyata.

"Kin gani? Kin ga abin da ɓoyonki ya jawo? Ga shan ciki nan ya hito mashi!"

Ɗiyata na nan zaune bakin gado. Ba ta ko dubi tabarmar ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunanshi, ba ta ɗaukarshi gaban surukai, ko faɗuwa ya yi sai dai wani ya ɗaga shi. Ni na koya mata wannan kunyar, kuma ta iya ta da kyau. Bango take kallo.

Sai yaron ya yi wani ɗan kuka, siriri, kamar na ɗan akuyar da aka haifa cikin ruwa. Ina kallon zanen ƙirjinta, sai na ga ya jiƙe. Wuri biyu, yana faɗi, yana gangarowa. Huskarta na bango, nono na zuba.

Ungozoma ta jawo ƙoƙo ta ce a fara tatsa. Ta kama na dama. Ya cika ya yi tauri kamar dutsen niƙa, jijiyoyi sun tashi. Ta matsa, ɗiyata ta cije leɓe, ɗigo kaɗan ya hito. Ta ƙara matsawa da hannu biyu, yarinya ta riƙe ƙarhen gado, gumi na keto mata.

"Ya ƙulle," in ji ungozoma. "Hannu ba ya jawo wannan. In ya kwana haka zai yi ƙurji."

"Ga mai jawowa nan kwance," na ce.

Suka dube ni.

"Ku kun ce sai an hidda shi. Hannu ya kasa. Ga baki nan da ya san hanya. A ba shi."

"Ke tsohuwar nan, kanki ɗaya?" in ji ungozoma. "Abin da ya kashe tururuwa gaban idonki?"

"Jikana ba tururuwa ba ne."

"Guba za ki ba shi da hannunki?" in ji Hajiya.

"Hajiya, wata nawa ya yi yana shan gubar nan ba ki sani ba? Ranar da na zo ɗaukarshi, da ƙyar na ɗaga shi. Ke kika ce mani in yi hankali da bayana. Gubar ce ta ƙiba shi. Sai da ya zo wajena, inda ba guba, ya koma haka. Dube shi."

"A hankali take ci. Sai daga baya take nunawa."

"To ta riga ta ci. Me ya rage da za ta ɓata?"

"An taɓa yaye yaro a maida shi?" in ji ungozoma. "Ina kika taɓa gani? Ga na goye ga na hannu kan ƙirji ɗaya, su ba tagwaye ba? Ko nonon ya gyaru, babban zai shanye, ƙaramar ta bushe. Biyu za ki rasa wajen neman ɗaya."

Na ce mata ta ji da cibiya da mabiyiya, nan aikinta ya tsaya. Ta ce ita ta yanke cibiyar rabin garin nan. Na ce sauran rabin su suka yi sa'a. Hajiya ta ɗaga hannu.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da na ji daɗi, don na hi ta baki. A hankali ta yi magana.

"Yaya, saurara. In yaron nan ya cika yanzu, Allah ne ya karɓi abinshi, kowa zai zo ya yi mana gaisuwa. In ya cika da nonon nan a bakinshi, bayan an gwada an gani, ba ke za a zaga ba. Ke amalanke za ki hau ki koma Korgom. Ita za ta zauna garin nan. Ita za a nuna bakin rijiya a ce ga wadda ta yi kwanika ta kashe ɗanta da nono. Har ta tsufa. Kin ɗauki wannan?"

Gaskiya ta faɗa. Na san garin, na san matan.

Daga bayan zana aka yi gyaran murya. Mijin ɗiyata ne, ba ya shigowa ɗakin jego, balle ina ciki. Ya gaishe ni daga can. Na ce ya bar gaisuwa, ɗanshi ba lahiya, me ya ce?

"Duk abin da kuka gani, Inna."

"Mu mun gani iri biyu. Kai wanne ka gani?"

Can ya ce bari ya je ya nemi mai moto da ke da esansi a tanki, ko za a samu ta zagaye a kai shi Tasawa. Na ji ƙarar takalminshi ya yi waje da sauri. Ban ga laihinshi sosai ba. Tsakanin uwarshi da uwar matarshi, neman moto ya hi sauƙi.

La'asar ta gabato. Hajiya ta tashi ta je duba tukunyar ruwan wanka. Ungozoma ta ɗauki ƙoƙo da ludayi ta zagaya bayan ɗaki binnewa. Ɗakin ya rage daga ni sai ɗiyata, sai jaririya naɗe cikin tsumma can ƙuryar gado, sai shi kan tabarma yana numfashi sama-sama.

"Ke," na ce. "Kin ji abin da ta ce. Ba ƙarya ta yi ba. Ke za ki zauna da su. Ni ba ni tilasta maki."

Ta sassauta zanen, ta sauke shi ƙasa.

Na ɗauko shi na ɗora mata kan cinya. Rabonta da taɓa shi tun ranar maɗaci. Ta tallabo kanshi. Ya ji ƙamshinta, idanun nan suka buɗe. Ya dube ta. Ya ɗaga hannu ya dafa ƙirjinta, bakinshi ya fara motsi. Na ce alhamdu lillahi a raina.

Ta kai mashi nonon baki. Yana jin kan nonon a leɓenshi sai ya sandare. Ya kau da kai da ƙarhin da ban san yana da shi ba, ya buɗe baki yana ihu ba murya, yana tura ta da hannu.

"Riƙe mashi kai," na ce.

"Inna, tsoro yake ji." Wannan ce maganarta ta farko tun da na shigo. "Ɗacin yake tunawa."

Ta tatso ɗigo a yatsa ta kai mashi. Ya datse haƙora. Ta shafa mashi a leɓe, ya goge da kafaɗa. Ta juya shi ɗayan ɓangaren, nan ma ya san an shafa. Abin da aka so ya koya, ya koya. Duk duniya ba yaron da aka yaye da kyau kamar wannan.

Na kama haɓarshi zan buɗe da ƙarhi.

"Bar shi, Inna. In kika matsa mashi ba zai ƙara yarda ba."

"Lokaci muke da shi?"

Sai inuwa ta ruhe ƙofa. Hajiya ce, da ganyen dogon yaro a hannu na wanka, ungozoma na bayanta. Ta ga ƙirji a buɗe, ta ga yaro kan cinya.

"Yaya," ta ce, "cikin gidana?"

"Bai kama ba," na ce. "Ya ƙi. Hankalinki ya kwanta, maɗacinki ya yi aiki."

"Kun gani ko," in ji ungozoma. "Yaro ma ya san abin da ya sani. Ɗauke shi."

Na miƙa hannu zan ɗauke shi, don ban ga sauran dabara ba. Ɗiyata ta sa gwiwar hannu ta tare ni. Ta ɗago kai ta dubi uwar mijinta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Iya, ku yi haƙuri."

Ta juya ta jawo jaririyar daga ƙuryar gado, ta warware tsumman, ta sa ta a nonon hagu.

Ungozoma ta yi tsalle. "Ke! Ɗanyen jini? Za ki kashe ta!"

Ta yo kanta za ta ƙwace. Ni kuwa ina tsakani, kuma ni ba ƙaramar mace ba ce. Ban taɓa ta ba. Na dai tsaya inda nake.

'Yar abin nan, tun da ta zo duniya ba ta san komi ba sai cokali da madarar akuya. Ta yi ta lalube da baki, ta kama ta saki, ta yi ɗan tsaki, ta sake kamawa. Sai muka ji. Ɗakin ya yi tsit har ana jin haɗiyarta, ƙut, ƙut, ƙut. Ɗiyata ta runtse ido don zahi, ba ta cire ta ba.

Ni na kawo maganar ba da nono, amma kan wanda ya riga ya yi nisa na kawo ta. Wannan lahiyarta lau. In tururuwa ta yi gaskiya, yanzu biyu ne. Na dubi Hajiya, ta jingina da ƙyaure, ganye ya zube daga hannunta.

Shi kuwa yana kwance kan cinyar dama, kanshi ya juyo. Yana kallo. Bai taɓa ganin wannan halitta ba. Ya dubi bakinta, ya dubi huskar uwarshi, ya koma kan bakinta. Yana jira ta saki ta yi ihu. Ba ta saki ba. Sai ƙut, ƙut.

Girarshi ta haɗe. Hannun nan kamar tsinke ya tashi a hankali, ya kai kan ƙafar jaririyar, ya tura. Ba ƙarhi, ko motsi ba ta yi ba. Ya ƙara turawa.

"Ka ga ɓarauniya ko, angona?" na ce. "Kana kwance ta zo ta gaje ka. Shanye shi za ta yi tas, ba ta bar maka."

Uwar ba ta kai mashi ba. Ta bar na daman nan a buɗe kusa da kumatunshi, yana ɗiga a kan wuyanshi. Ta kau da kai kamar ba ruwanta da shi.

Ya juyo. Ya hiddo harshe ya taɓa, ya janye. Ya tsaya. Ya ƙara taɓawa. Sai ya kama.

Ba wadda ta motsa. Ja biyu ya yi ya huta, ja biyu ya huta, idonshi na kan ƙanwar, hannunshi na riƙe da ƙafarta kar ta ƙetaro. Hajiya ta sulale ta zauna ƙasa nan bakin ƙofa, ta jawo tasbaha. Ni ina ƙirga haɗiyarshi a maƙogwaro ban san ina yi ba.

Sai ya saki, ya yi wani yunƙuri, ya amayo shi duka a cinyarta.

"Shi ke nan!" in ji ungozoma. "Ga shi nan! Na faɗa ko ban faɗa ba?"

Idonshi ya juye sama, jikinshi ya saki. Na ce a raina an gama, na kashe ma yarinya aure da zama. Na sa kunne a ƙirjinshi. Yana bugawa, da sauri kamar na tsuntsu. Ɗiyata ta ja bakin zane ta goge mashi baki, ta goge wuya, ta ɗaga kanshi sama kaɗan. Ta jira. Da ya buɗe ido ta matso da shi. Ya kama.

Wannan karon da ya yi ja kaɗan sai ta sa yatsa ta cire shi. Ya yi ƙara. Ta bar shi ya huta, ta maida shi. Ban koya mata wannan ba, ban san inda ta samo ba.

Ungozoma ta yafa mayahi. Ta ce ita ba hannunta ba ƙafarta, kuma kowa ya tambaye ta za ta faɗi abin da ta gani. Hajiya ta matsa mata ta wuce, ba ta ce ta tsaya ba.

Kafin rana ta faɗi labari ya zagaya. Mata suka fara sallama a tsakar gida, wai sun zo barka. Waɗanda suka zo jiya ma sun dawo. Ina jin wata tana cewa a bari ta ga tagwayen da aka haifa shekara tsakani, wasu na dariya ƙasa-ƙasa. Na miƙe zan hita in ba ta amsa. Hajiya ta riga ni. Ta tsaya ta cika ƙofar.

"Mai jego na barci."

"Hajiya, leƙawa kawai za mu yi."

"Na ce barci take. Wadda ta kawo abu ta aje nan. Wadda ta kawo ido ta koma da shi."

Da suka watse ta juyo. Ba ta dube ni ba.

"Ban ce na yarda ba," ta ce. "Ba a dai kallon gidana."

"Na ji."

"In wani abu ya faru, na faɗa maki."

"Kin faɗa."

Ranar an makara da wanka, ruwa ya huce sai da aka ƙara wuta. Tsakanin shan nono na dama garin nan na likita na gwada shi da cokali. Ya karɓi ɗaya, ya karɓi biyu, muddin yana jikin uwar. Jaririya kuwa ta sha ta yi barci, ta farka ta sha, cikinta bai kumbura ba, ba ta yi amai ba. Duk motsin da ta yi sai mu uku mun leƙa. Uwar ta sa doka da kanta: ƙaramar ta fara, in ta saki shi ya karɓa. Bai so ba, amma ba shi da ƙarhin gardama.

Zanen da ke ƙarƙashinshi dai a bushe. Ina kai hannu ina shafawa, Hajiya na kallon hannuna. Da na janye sai ta kau da kai. Haka muka kwana.

Da sahe mijin ya zo bayan zana ya ce ruwan ƙorama ya ja, ya samu moto biyu, za a iya ƙetarawa in an sauka an taka. Na ce uwar za ta bi mu, da jaririyar. Mai jego ba ta hita kafin suna, kowa ya sani. Na gyara tsayuwa don faɗa na biyu.

Hajiya ta juya. Ta hita. Na ji tana buɗe ɗan rumbunta na bayan ɗaki, inda take aje hatsin da ba a taɓawa sai ciwo ko mutuwa. Na ji daka. Can ta shigo da ƙwarya cike da kunun kanwa, irin wanda ake dama ma mutum uku, ta dire gaban ɗiyata.

"Shanye. Ba a tahiya da ciki wayam, ga baki biyu."

"Iya, ya yi yawa."

"Na tambaye ki?"

Yarinya ta kafa kai. Ni na shiga naɗe jaririya. Yaron na kwance yana ƙananan kuka don an cire shi, Hajiya ta ɗauke shi ta ɗora kan cinya, kan zanenta mai kyau da ta ɗaura don rakiya. Tana jijjiga shi, tana duba idonshi, tana taɓa maɗigar.

"Har yanzu a faɗe take," ta ce.

"Na gani."

"Ko nauyin kaza bai kai ba."

Na juya ina neman ɗaurin goyo. Sai na ji ta yi shiru, jijjigar ta tsaya. Na juyo. Ta ɗaga hannuwa sama, tana kallon cinyarta. Wani ɗan wuri ya yi duhu a zanen, bai hi tahin hannu ba, yana faɗaɗa kaɗan-kaɗan. Warin hitsari ya taso, mai ƙarhi, tabon ja kamar ruwan jiƙo.

Ɗiyata ta sauke ƙwaryar daga bakinta.

"Ɗan banza," in ji Hajiya. "Duk tsummokaran gidan nan, sai sabon zanena?"

Na miƙa hannu in karɓe shi.

"Bar shi," ta ce. "Bai gama ba."